Yawon ƙofofi uku na tsohuwar Alkahira da ɗan jagora: abin da na biya da abin da na gani

Jama'a tunda na ɗora hoton nan da nake saman hasumiya iska na neman cire min hula mutane suka dame ni, wai ina ne nan, nawa ka biya, wa ya kai ka. To bari in yi bayani sau ɗaya in huta, mai shirin zuwa Masar ya karanta ya san abin da zai tarar.

Ni dai ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Alkahira ba, Alhajinmu na raka akai masa aikin gwiwa, kuma duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar mutane ya san zaman, daga masauki sai asibiti sai kantin magani, kwana goma sha biyu ban san komai a garin ba sai hanyar nan guda ɗaya. Ɗan yayata da yake karatu a Azhar shi yake mana tafinta, ranar da jikin Alhaji ya fara sauƙi ya ce min Kawu ya kamata ka ɗan fita ka sha iska, ka zo Masar ka koma ba ka ga komai ba sai farar rigar likita ai da kunya. Ya nuna min talla a wayarsa, wani ɗan ƙaramin kamfani ne, ba zan kama suna ba dan akwai inda zan yabe su akwai inda zan caccake su. Yawon ƙafa na awa huɗu, ƙofofi uku na tsohon birni, Babul Futuh da Babun Nasr da Babu Zuwaila, dala 25 duk mutum ɗaya, sun rubuta wai komai yana ciki har da hawa kan ganuwa. Ku riƙe wannan "komai yana ciki" ɗin, zan dawo kansa.

Abin da ya ja ni kalmar ƙofa ce. Ni ɗan cikin badala ne, kusa da Ƙofar Na'isa na tashi, a kan ganuwa mukai wasan ƙasa muna yara, saboda haka in aka ce ga wani gari da ƙofofinsa na asali suke tsaye yau shekara ɗari tara da ɗoriya dole in je in ga da idona.

An ce mu haɗu ƙarfe tara a bakin Babul Futuh. Mun isa tara saura, ɗan jagoran bai zo ba sai tara da rabi har da ɗoriya, ya zo yana ta ma'alesh ma'alesh ya Hag, zahma, wato yi haƙuri Alhaji, cunkoso ne, kuma gaskiya wanda ya ga titin Alkahira da safe ba zai ƙaryata shi ba. Mu bakwai ne, ni da ɗan yayata, wasu ma'aurata 'yan Malesiya da ɗansu, wata mata Bamisiriya da aka haifa a waje, sai wani tsohon Bature Bafaranshe mai sanda da ya fi mu duka ƙarfin tafiya. Jagoran saurayi ne, ba zai wuce talatin ba, ya karanta ilimin kayan tarihi a jami'a, yana Turanci yana Larabci, in na ce ban gane ba sai ya bar harshen kasuwa ya koma Larabcin littafi irin wanda muka sani a islamiyya, wannan ya burge ni ƙwarai. Maganar sanin aiki kam ya san aikinsa, ba irin masu haddace labari su karanto maka kamar talla ba.

Babul Futuh ita ce farko. Ban san me nake tsammani ba, amma da na tsaya a gindinta sai na ji na ƙanƙance, hasumiyoyi biyu masu zagaye hagu da dama, duk dutse ne sassaƙaƙƙe an jera shi ko allura ba za ta shiga tsakani ba, a sama ga bakan gizo irin wanda maginanmu suke ɗaurawa a soro amma na dutse, an zane shi da ado tun daga wannan gefe har wancan. Ya nuna mana wasu kawunan raguna da aka sassaƙa can sama a jikin abin da ya tallafi rufin, wallahi da ni kaɗai na je ko shekara zan yi a wurin ba zan lura da su ba, sannan ya ce mu ɗaga kai mu ga ramukan da masu gadi suke zubo wa maƙiyi abin da zai ƙona shi in ya matso bakin ƙyaure. Nan ne na fara jin kuɗina bai tafi a banza ba.

Labarin da ya bayar a taƙaice, Jauhar Assiƙilli kwamandan daular Faɗimiyyawa shi ya kafa Alkahira a 969, kuma ganuwar farko da ya yi da tubalin ƙasa ce, irin tamu. Bayan shekara ɗari gari ya shiga fari da yunwa da rikicin sojoji, halifa Almustansir ya kira wani janar ɗan asalin Armeniya, Badarul Jamali, ya zo ya daidaita ƙasa, shi ne ya faɗaɗa ganuwar ya gina ƙofofin nan da dutse, Futuh da Nasr a 1087, Zuwaila a 1092. Masu tarihi sun ce wasu magina uku 'yan uwan juna daga garin Ruha, can kudancin Turkiyya ta yanzu, su sukai aikin, kowa ƙofa ɗaya. Ina jin 1092 sai na dafa ɗan yayata na ce kai ka ji, ai lokacin ne namu ma, Sarki Gijimasu da ya fara ganuwar Kano an ce daga 1095 ya yi sarauta zuwa 1134, kusan sa'o'in juna ne. Jagoran ya ce yana son ganin hoto, na lalubo masa Ƙofar Na'isa ta yanzu a waya, ya duba ya duba ya ce ya Hag wannan ai siminti ne. Na yi shiru. Me zan ce masa, an rushe ta asalin dan a faɗaɗa titi aka sake wata. In za a yi adalci dai su dutse suka samu a gindin tsaunin Muƙaɗɗam, har da duwatsun gine-ginen Fir'aunoni suka kwaso suka cusa a ganuwar, kuma ruwan sama sai su shekara ba su ga na kirki ba, mu kuwa jar ƙasa ce da damina mai duka duk shekara, in ba a yi yaɓe ba ta zube. Amma ba damina ce ta kawo buldoza ba, kuma ba damina ce take haƙar ƙasar badala tana yin bulo ba.

To daga nan aka fara samun matsala. Babun Nasr ba nisa, ka bi jikin ganuwa ka wuce masallacin Alhakim da yake tsakaninsu shi kenan ka isa, ita hasumiyoyinta masu kusurwa huɗu ne, an sassaƙa garkuwoyi a jiki, ga rubutun kufi ya zagaye, kalmar shahada ce amma da ƙarin Aliyu waliyyullah tunda daular ta 'yan Shi'a Isma'iliyya ce, kuma ba wanda ya kankare shi duk sarakunan Sunna da suka biyo baya. Mun tsaya bai fi minti goma ba. Na ce ina hawa kan ganuwar da kuka rubuta? Ya ce a rufe take yau. Na ce jiya fa? Ya yi dariya. Daga dariyar na gane ba yau aka fara rufewa ba kuma sun sani sarai suka bar shi a tallar. Abin ya fi ɓata wa tsohon Baturen nan rai, dan shi abin da ya kawo shi kenan, sojojin Napoliyon da suka mamaye Masar daga 1798 zuwa 1801 sun yi sansani a ganuwar nan har suka sassaƙa sunayen hafsoshinsu a jikin hasumiyoyin da Faransanci, yana so ya gani da idonsa, ƙarshe a wayar jagora ya gani kamar kowa. Ni kuma na ce a raina ashe rubuta suna a bangon mutane ba yaran unguwarmu suka fara ba.

Titin Almu'izz da ya haɗa arewa da kudu, wajen kilomita ɗaya da wani abu, shi kaɗai ya isa yini guda, ginin Sarki Ƙalawun da asibitinsa na wajen 1285, masallatai, wuraren shan ruwa na sadaka, amma mu a guje muka wuce su, yalla yalla kawai kake ji. Na ɗauka dan mu isa Zuwaila da wuri ne. Ashe sauri yake ya kai mu shagon turare.

Minti arba'in, na duba agogo. Wani lungu ne a bayan kasuwar Khan Khalili, aka zaunar da mu a kujeru aka kawo karkade, zoɓo dai namu ba wani abu ba, mai shago ya fara shafa mana turare a hannu ɗaya bayan ɗaya, wannan na Kiliyobatra ne wannan sirrin sahara ne, ni da nake ɗan kasuwa a Kwari ina kallon idon jagora ina kallon idon mai shago na san akwai la'ada a tsakani, kifi na ganinka mai jar koma. Ban ƙi mutum ya nemi na cefane ba, kowa da inda yake samu, amma ka gaya min tun farko, kar ka yanki lokacin da na biya ka sayar wa wani. 'Yan Malesiyan nan kunya ta sa suka sayi kwalba biyu a farashin da ɗan yayata ya raɗa min cewa a unguwarsu ko rabin haka ba za a biya ba. Ni na shanye zoɓona na ce shukran na fito waje na tsaya. Ruwan da aka ce yana ciki kuwa ƙaramar roba ɗaya ce, mai ɗumi.

Sai muka tsallaka titin Azhar, wanda shi ma sai ka yi shahada kafin ka sa ƙafa, muka bi ta tsakanin gine-ginen Sarki Alguri muka kutsa kasuwar tufafi, kamar ka shiga Kwari ana gobe sallah, 'yan dako, adaidaita sahu da suke kira tuktuk, masu rake suna matsewa a inji. Kana cikin turmutsutsun nan kawai sai ka ɗaga kai ka ga hasumiyoyi biyu dogaye sirara sun tsaya a kan wata ƙatuwar ƙofa. Babu Zuwaila kenan. Duk haushin da na ƙunsa sai na neme shi na rasa.

Amma bari in gama da ƙorafi tukuna, a bakin shiga aka ce mu yanki tikiti. Na ce ba komai yana ciki ba? Ya ce komai na yawon, ban da tikiti. To ku ji fa. Baƙo kuma kuɗinsa ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, ɗan yayata ne ma ya samu ragi da katinsa na ɗalibi. Na biya, dan na riga na zo, amma na gaya masa a fuskarsa cewa wannan ba daidai ba ne, ya ce ofis ne suke rubuta tallar ba shi ba.

Wannan ƙofar ita ce yawon gaba ɗaya, sauran duk share fage ne. Na farko ƙyaurenta yana nan, manya-manyan katakai biyu da aka lulluɓe da ƙarfe da ƙusoshi, tsayinsu ya ninka mutum sau nawa, kuma har yanzu ta cikinta jama'a suke wucewa, mai kura ya wuce, mai tallan burodi da faranti a ka a kan keke ya wuce, ba a killace ta an ce a tsaya daga nesa a ɗau hoto ba. Mu namu tsoffin ƙyamaren sai dai ka je Gidan Makama ka gan su a jingine. Na sa hannu na shafa ƙarfen, sanyi ƙalau duk zafin ranar nan. Jagoran ya ce mutanen gari sun fi kiranta Bawwabatul Mutawalli, saboda wani waliyyi da suka yi imani yana zaune a bayan ƙyauren, da can mai ciwon haƙori sai ya zo ya cusa haƙorin da ya cire a jikin katakon, mai ciwon kai ya ɗaura gashi ko tsumma a ƙusa, kuma da aka zo gyaran ƙofar wajen shekarar 2000 an tsinci haƙoran, suna nan a cikin gilas a sama tare da su lofe da fasassun kofuna. Na leƙa na gansu, haƙoran mutane sun yi ruwan ƙasa. Allah Ya shirye mu, ashe canfi ba mu kaɗai ba ne.

Sunan Zuwaila kuwa daga wasu sojojin Barbar ne da suka zo da Faɗimiyyawa aka sauke su a wajen, kuma Zawila gari ne a Fezzan ta Libiya, zangon ayarin da suke gangarowa ta Bilma har Borno. Wannan ƙarshen ɗan yayata ne ya ƙara, jagoran bai san hanyar ta kai wajenmu ba, ya ciro waya ya rubuta.

Hasumiyoyin da suke sama ba na Badar ba ne, an ɗora su bayan shekara ɗari uku da wani abu. Akwai kurkuku a jikin ƙofar da, aka taɓa ɗaure wani bawan sarki a ciki, ƙuma da ƙwarƙwata suka gallabe shi har ya yi bakance in Allah Ya fitar da shi ya ba shi mulki zai rushe gidan yarin nan ya gina masallaci. Ya fita, ya zama Sarki Almu'ayyad Shaikh, ya cika alkawari, aka fara ginin a 1415, maginan suka ga ga ƙofa mai ƙarfi a gefe sai kawai suka ɗora hasumiyoyin masallacin a kanta. Ta ɗauka, har yau tana ɗauke da su.

Sai ɓangaren da ya sa kowa ya yi tsit. A nan ake rataye mutane. A 1260, shekara biyu bayan Tattar, wato Mongol, sun cinye Bagadaza, shugabansu Hulaku ya aiko manzanni da wasiƙar barazana, Sarki Ƙuɗuz ya sa aka sare kawunansu aka rataye a ƙofar nan, sannan ya fita ya tare rundunar Tattar ɗin a Ainu Jalut a ƙasar Falasɗinu ya karya su. A nan kuma aka rataye Tuman Bay, sarkin ƙarshe na Mamalik, wato bayin soja da suka mulki Masar, a watan Afrilun 1517 bayan Sarki Salim na Turkawa ya ci Masar. Jagoran ya tsayar da mu daidai ƙarƙashin bakan ya sassauta murya, ya ce da aka kawo shi ya roƙi jama'a su karanta masa Fatiha sau uku, suka karanta, igiya ta tsinke sau biyu, a na uku ta riƙe. Yana cikin faɗa wani mai tuktuk ya danna mana hon a baya muka watse. Ta nan ɗin dai sarakuna suke zama a sama suna kallon ayarin alhazai yana fita da rigar Ka'aba, wadda a Masar ake ɗinka ta har farkon shekarun 1960.

Hawa saman kuma, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko tsoron bisa ya haƙura, na faɗa da gaske. Zuwa rufin ƙofar ba laifi, matakala ce mai faɗi. Amma cikin hasumiyar matsattsiya ce tana murɗawa kamar dodon koɗi, wani wurin duhu sai da fitilar waya, dutsen ya sha ƙafa ya yi santsi, in wani yana saukowa sai ɗayanku ya manne da bango, can ƙarshe kuma ƙarafa ne kawai kamar tsani. Ni da babbar riga na je, kuskure na farko kenan, sai da na naɗe ta na ɗaure a ƙugu kamar mai shirin dambe, ɗan yayata yana bayana yana Kawu a hankali, Kawu riƙe nan. Jagoran bai hau ba, ya ce ya hau sau dubu, yana ƙasa yana shan shayi, wannan ma na rage masa maki dan a sama ne mutum ya fi buƙatar a ce masa wancan kaza ne. Ɗan yayata ne ya nuna min ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali a kan tudu, da na Sarki Hasan, da koren lambun Azhar, sauran kuwa rufin gidaje ne cike da tarkace da dish da ɗakunan tattabaru na katako. Muna can aka kira azahar. Ban san masallaci nawa ba ne, ta gabas ta yamma ta ƙarƙashin ƙafarka, wani ya fara wani ya karɓa, na riƙe ƙarfen nan da hannu biyu tsigar jikina tana tashi.

Da muka sauko aka ɗan yi musu mai daɗi a inuwa. Baturen ya ce tasu ƙofar ta Paris, Arc de Triomphe, ta fi girma, mita 50, Napoliyon ya sa aka fara a 1806 ba a gama ba sai 1836 bayan ya mutu. Na ce Malam na yarda, ni ma na ga Ƙofar Indiya a Mumbai lokacin da muke zuwa sarin kaya, wadda aka gama a 1924 dan tunawa da zuwan Sarkin Ingila Joji na biyar, kuma ta cikinta sojojin Ingila na ƙarshe suka fice a 1948, na ga ta Delhi ma mai mita 42 da sunayen sojoji a jiki, duk suna da kyau, amma ina ƙyaurensu? Ina ganuwar da suka tsare? Ka zagaya ta hagu ka zagaya ta dama ba mai hana ka. A wajenmu ƙofa ita ce wadda Sarkin Ƙofa yake rufewa da almuru, in ka makara ka kwana a waje da jakinka. Waɗancan ado ne na tunawa kawai. Ya yi dariya ya ce to ta Barlin fa, Brandenburg, ai ita da can ƙofar karɓar haraji ce ta gaske, na ce wannan na ba ka. Jagoran ya sa baki ya ce ko ba komai tasu tana inda aka gina ta, ba kamar ƙofar Ishtar ta Babila ba da Jamusawa suka kwashe tubalanta suka je suka harhaɗa a gidan tarihi a Barlin.

To nawa zan ba su? Shida cikin goma. Ilimin yaron tara ne, tallar ofishinsu biyu, shagon turare sifiri. In kana da mai jin Larabci kuma ka ɗan karanta tarihin kafin ka fito, ba ka buƙatar kamfani, hau mota a sauke ka a Babul Futuh ka gangaro da ƙafarka a hankali, ka ajiye ƙarfinka da kuɗin tikitinka dan Zuwaila. In kuwa za ka ɗauki jagora, ka sa ya rubuta maka a WhatsApp tun kafin ka biya, tikiti a kan wa, ganuwa a buɗe take ko a rufe, kuma ba shiga shagon kowa. Ka fito da sassafe, ka sa takalmi mai kama ƙasa da ƙananan kaya, ka riƙe canji a aljihu dan bakshish ba ya ƙarewa, mai buɗe ƙofa zai miƙo hannu mai ajiye takalmi zai miƙo.

Ni ma na ba yaron nasa daga ƙarshe, duk da na rantse a shagon turare ba zan bayar ba. Daga nan muka tsallaka kasuwar Khayamiyya da take fuskantar ƙofar, rufaffiyar kasuwa ce ta masu ɗinkin rumfa da hannu, na yi ciniki na kusan rabin awa a kan wani ɗan ƙyalle mai aikin kala-kala na saya wa Alhaji ya ɗora ƙafar a kai. Da na koma masauki na ba shi labari tun daga farko, bai tambayi Tuman Bay ba bai tambayi hasumiya ba, cewa ya yi haƙoran nan na cikin gilas, an san masu su?